Kyautar Maraba da Ta Cinye Shan Ruwan Karantina

Zuwa ga Mudirin Sashen Katin Bashi,
na bankin da albashina yake sauka,
Jidda.

Kwafi ga manajan babban kantin da muke sayayya, don shi ma yana da rabo a ciki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wancan mai fararen haƙoran da kuka dasa wa teburi a ƙofar kanti yana tare mutane. Sunana Haruna ɗan Malam Idi. A unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife ni, shekarata hamsin da ɗaya, ina aikin tsaron sito a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu, yankin masana'antun Jidda. Tun da aka rushe unguwarmu nake haya a Ammariyya. Na taka reshenku sau huɗu, na kira lambarku har na iya rera kiɗan jiranku, ba wanda ya ba ni amsa sai "ana dubawa". Shi ya sa na fito fili. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Kun miƙo mini sharuɗɗa shafi goma sha ɗaya da Larabcin lauyoyi, ni da na tashi cikin Larabci ban gane rabinsa ba. Kai ma ka nemi mai fassara, a Jidda ba za ka rasa ba.

Na farko. Bari ka san abin da kuka taɓa, don na lura ba ku sani ba. Da rusau ya watse mu, 'yan layinmu gida ashirin da biyu kowa ya kama gabansa, wasu Kilo Sha Huɗu, wasu Harazat, wasu har Bahra. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, tsohuwar da ta yi wa rabin layin nan wankan jego, ita ta kawo dabara. Kantin nan yana da reshe kusan ko'ina, kuma duk wanda ya yi sayayya sai kashiya ya tambaye shi lambar waya don a zuba masa maki. Ta ce kowa ya riƙa faɗin lamba ɗaya. Aka zaɓi tawa, don ni ne mai iƙamar da ba ta taɓa mutuwa ba, wato takardar izinin zama, kuma layin wayar da sunana yake. Tsofaffin da ba su san lambar 'ya'yansu ba sun haddace tawa. Mai sayen buhun shinkafa da mai sayen burodi ɗaya, duk can makin yake tafiya. A shekara yakan kai wajen riyal dubu da ɗari takwas. Juma'ar farko ta azumi mu kwashe shi, mu sayi shinkafa da mai da kaji da dabino, matan su ɗora tukwane, gida ashirin da biyun nan su hallara a sha ruwa tare. Ranar ce kaɗai muke ganin juna ba a wajen jana'iza ba. Shekara uku muna yi, ko riyal ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba.

Na biyu. Wata huɗu kafin azumin bana, yaronku ya tare ni ina fitowa da ledar albasa. Ya kira ni "ammu", wato baffa, ya ja mini kujera, ya ba ni ruwan sanyi, abin da bankinku bai taɓa yi mini ba a shekara goma sha tara. Ya ce akwai sabon kati na haɗin gwiwa tsakaninku da kantin, mai kyautar maraba maki dubu hamsin. Dubu hamsin, ranka ya daɗe! Mu da muke tsintar maki kamar tsintar shinkafa a tabarma. Ya ce makin kantin da ke lambata ma za a haɗe shi da na katin a aljihu ɗaya, ya fi tsaro. Ya ce babu riba, ya nuna mini hatimi. Na tambaye shi ko akwai wani abu da ya kamata in sani, ya ce wallahi babu, in sa hannu nan da nan da nan, halas, shi ke nan. A zuciyata na riga na ga raguna biyu a shan ruwan bana, na ga Gwaggo tana sa mini albarka a gaban jama'a. Na yarda akwai kwaɗayi da son a yabe ni, ba sai ka faɗa mini ba, matata Zulai ta riga ka tun ranar. Abin da ke lambar a lokacin ya kai na riyal dubu da ɗari huɗu. Da yatsana na danna, ya koma wajenku.

Na uku. Sai da kati ya iso saƙo ya biyo baya, wai kyautar ba ta fitowa sai na kashe riyal dubu tara cikin kwana sittin. Albashina dubu uku da ɗari biyu ne, kuma ku kuka fi kowa sani, ta hannunku yake wucewa. Ina son in san wane lissafi kuka yi da kuka ga mai gadin kwali zai kashe albashin wata uku a wata biyu ya kuma biya haya. Ko dai kun san ba zan iya ba, kuna jiran in ci bashi in kasa biya? In haka ne kun yi kuskuren mutane.

Na yi abin da kowane ɗan Karantina zai yi. Mu a wurinmu babbar tukunya ɗaya ce a layi, turmi ɗaya, tsani ɗaya, mai buƙata ya aiko a ba shi. Sai katin ya shiga sahu. Na gaya wa matan lambar sirri, su ma suka haddace, don sun saba. Yau yana Harazat, gobe wani direba ya sauke shi Bahra, jibi ya dawo Ammariyya a ƙulle a bakin mayafi. Kowace ta yi cefanenta da shi, ta aiko mini kuɗin a hannu, ni kuma in je na'urarku in zuba. Ban taɓa makara ba ko da kwana ɗaya. Ranar kwana hamsin da uku muka ƙetare dubu tara. Har guɗa aka yi mini a waya.

Na huɗu. Mako guda bayan haka katin ya ƙi aiki a hannun Gwaggo Asabe, tana gaban kashiya da kaya cike da amalanke, layi a bayanta ana cewa yalla ya hajja, ta yi sauri. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Da na zo reshenku aka ce na'ura ta ga katin yana yawo rassa da yawa, an duba kyamara an ga mata daban-daban, na saɓa sharaɗi na talatin da ɗaya, an rufe asusun, duk makin da ke ciki ya faɗi. Na ce to kyautarku ta faɗi, na ji, ina makinmu na kanti? Yarinyar da ke teburin ta juyo mini da allo ta nuna mini sifili. Ta ce ai aljihu ɗaya ne. Aljihun nan dai da aka ce mini ya fi tsaro.

Na je gida na nemo sharaɗi na talatin da ɗaya. Yana nan kuwa, a shafi na tara, da rubutun da sai da na ari tabarau biyu na ɗora. Ban musa ba, na ba wasu katina, kuma yanzu na san ba a yi. Amma na'urarku mai idon nan ta kwana hamsin da uku tana kallon matan nan suna kashe kuɗi ba ta ce uffan ba. Sai da lokacin biyan kyauta ya yi ta tuna tana da ido. Ina taya ku murna da wannan na'ura, wallahi ta san gidan da take ci.

Na biyar. Tunda yanzu na zama malami a fannin nan da kuɗin makarantar da na biya, bari in auna wa 'yan'uwana masu karatu kyautar banki da makin kanti, kada wani ya sake zama a kujerar nan.

Makin kanti ɗan kaɗan ne, abin dariya ma. Ka kashe ɗari a ba ka abin da bai fi riyal ɗaya ba. Kuma manaja kada ka yi murmushi, mun san ranar da kuke ɗaga kuɗin mai da riyal biyar ku sauke uku ku rataya jan kwali ku ce rangwame. Mun san makinku yana mutuwa in shekara ta zagayo ba a taɓa shi ba, kuma kai ne ka bar tarin shekara ya fice daga hannunka da danna ɗaya ba ka ce mini in tsaya in yi tunani ba. Amma kantinka bai taɓa neman takardar albashina ba, bai karɓi kuɗin shekara ba, bai sa mini wa'adi ba, bai taɓa tambayar wace ce ta faɗi lambar ba. Abin da ya ce zai bayar, kaɗan ɗin nan, yana bayarwa, kuma ana dafa shi a ci.

Kyautar banki kuwa, ranka ya daɗe, sai da komai ya lalace na zauna da Zulai muka buga lissafi. Maki dubu hamsin ɗinku, in an mayar da shi kuɗi, riyal ɗari biyu da hamsin ne. Ko ƙafar rago ɗaya da kai ba zai saya ba. Kuɗin shekara na katin, wanda kuka cire tun watan farko ba sallama, riyal ɗari uku. Ashe ko da kun ba ni kyautar, ni ne na yi muku kyautar hamsin. Na sa gida ashirin da biyu zirga-zirga wata biyu, na biya motar da ke kai kati Bahra, don in ba banki sadaka. Kun iya sa sifili a bayan lamba, wannan na sara muku. In mai sayar da tsire ya koyi aikinku, gobe zai daina cewa tsinke ɗaya, ya ce maki dubu biyar na nama.

Na shida, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Na kira gidajen nan ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu banki ya kwashe makin. Na shirya wa zagi, ban samu ba. Kowa sai ya ce ba komai, Allah ya mayar da alheri. Na ɗauka sun fahimta. Shekaranjiya da hantsi Gwaggo Asabe ta hau motar haya tun daga Kilo Sha Huɗu, ta hau benenmu hawa uku da gwiwoyin nan nata. Ta jira Zulai ta shiga madafa, ta kamo hannuna ta danƙa mini riyal ɗari biyu a nannaɗe. Ta ce, "Haruna, in matsi ne ya same ka, ni za ka gaya wa. Banki mai gini har sama me zai yi da makin shinkafarmu? Na ce wa kowa ya rufe bakinsa, mun yafe maka."

Ka ji, Mudir. Mutanena ba su yarda wuri mai girma irin naku zai sunkuya ya ɗauki abincin shan ruwan talakawa ba. Ya fi musu sauƙi su yarda ni na ci. Sun yafe mini satar da ban yi ba, kuma na rantse mata har sau uku tana shafa mini kai tana cewa ya isa. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Kunya nake ji, haushi nake ji, kuma ku ne sanadi.

Saboda haka ga buƙatuna, ba su da yawa. Kyautar marabarku ku riƙe, ku ba wani mai ƙarar kwana. Kuɗin shekara ɗari ukun ma na bar muku, ku saya wa yaronku man goge haƙori. Makin riyal dubu da ɗari huɗun da ya shigo daga kanti ba naku ba ne, ba nawa ba ne, na gida ashirin da biyu ne, ku mayar da shi inda kuka same shi. Saura kwana goma sha biyu azumi. In kun ce na'ura ba ta iya mayarwa, to shinkafar zan saya ko da zan sayar da na'urar sanyaya ɗakina in yi azumin Jidda a gaban fanka. Amma akwai abin da ba na iya saye. Ina son takarda ɗaya daga ofishinka, layi uku sun isa, da manyan baƙaƙe, da sa hannunka da hatimi, a rubuta cewa bankinku ne ya kwashe makin, Haruna bai taɓa ko ɗaya ba. Gwaggo ba ta karatu, amma tana ganin girman hatimi. Zan ba limaminmu ya karanta a gaban kowa kafin a kira sallar magariba.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare iyalinka, ya nuna maka azumin nan lafiya. Allah ya sa kada ka taɓa tsayawa gaban tsohuwar da ta goya ka kana rantsuwa da gaskiyarka tana yafe maka.

Wassalam, ina jiran takardar.

Haruna ɗan Malam Idi,
Ammariyya, Jidda.