Laifin Na Baba Isyaku Ne, Ni Za A Kora

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ina kula da kwamfutoci a wani wurin gwajin jini mai rassa biyu, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Sati uku ke nan sakamakon gwaji yana maƙalewa a tsakaninsu, marasa lafiya suna zaune suna jira. Shugabarmu, Hajiya Fatima, ta ce ran Litinin ko in gyara ko in ajiye mata makullai.

Wallahi na gano matsalar. Reshen Tarauni yana kan tsohon tsarin sanar da hanyoyin da saƙo zai bi, mai suna RIP, na Gyaɗi-Gyaɗi kuma yana kan sabo, OSPF. Rauta biyu, wato na'urorin da ke nuna wa saƙo hanya, su ke miƙa hanyoyi daga wannan tsari zuwa wancan. Hanya za ta fito daga Tarauni ta rauta ta farko, ta biyun ta ji labarinta daga Gyaɗi-Gyaɗi, ta fi yarda da shi, ta mayar da ita Tarauni. Haka saƙo zai yi ta zagaye har ya mutu. Alama kawai za a sa wa kowace hanya, a hana ta komawa inda ta fito. Aikin minti goma!

To amma Baba Isyaku, babban injiniyanmu, shi ya haɗa rauta ta biyun. Aminin mahaifina ne, shi ya koya mini aikin, shi ya kawo ni nan. Lambar sirrin rautocin tana hannunsa, ni dai in duba, ba damar in taɓa. Sau biyu ina buɗe baki yana cewa ai matsalar wayoyin haɗi ce, in je in sake lalubawa. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure. Ina jin kunyarsa, ina kuma tsoron zaman banza, ga iyali.

Ɗanka,
Na Daurawa

Wa alaikumus salam, Na Daurawa.

Kunyarka tarbiyya ce, ban raina ta ba. Shi ma ka yi masa uzuri: mai shekaru a sana'a ba ya son a ga gazawarsa a gaban ma'aikata, kuma ina zargin a ofis ka tare shi.

Ka same shi a gida kafin Juma'a. Buga teburin hanyoyin rauta ta biyu a takarda, ka miƙa masa, ka ce ya koya maka dalilin da hanyar Tarauni take zuwa ta Gyaɗi-Gyaɗi. Injiniya ne, zai gani. Bar shi ya sa alamar da hannunsa, bayan kun adana tsohon saitin. In an ce shi ya gyara, ka haɗiye.

In ya ƙi, ka faɗa masa da bakinka cewa za ka rubuta wa Hajiya rahoto, sannan ka rubuta. Ka ambaci rauta, kada ka ambaci mutum. Ka tuna, kunyar taka ce, amma mai jiran sakamakon jininsa ne yake ɗaukar nauyinta, kuma ba wanda ya nemi izininsa.

Allah Ya tausasa zuciyar Baba, Ya tsare maka abincinka.