Ƙofar Ɗakin Inna

Unguwar Hajji, Karaye
9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙanena Hammawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki da sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, sai dai asmar nan tawa da ka sani.

Na je gida Beli makon jiya, kuma wannan karon ma a bakin ƙofa na durƙusa na gaida Inna. Da na sa kai cikin ɗakin sai ƙirjina ya ɗaure. Goggo Tasalla ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ake cewa a gari, wai tunda na zama malamar makaranta na fi ƙarfin ɗakin da aka haife ni. Ta ce har Inna ta ji. Wallahi maganar ta yi mini ciwo.

Na ga wani likita a Zariya. Ya ɗiɗɗiga mini ruwan gwaji a hannu, ya ɗan sossoke fatar, wuri ɗaya kawai ya kumbura. Ashe gashin kyanwa ne jikina ba ya shiri da shi. Kyanwar Inna, wadda tun rasuwar Baffa da ita take cin tuwo, da ita take hira.

Ka san ni 'yar fari ce, Inna ko sunana ba ta kamawa, balle mu zauna in yi mata bayani. In kuwa na aika Goggo, a ranar Inna za ta ba da kyanwar, ta zauna ita kaɗai. Don Allah kada ka faɗa wa kowa.

Yayarka,
Safara'u

Karaye
12 ga Maris, 1995

Hammawa,

Barka da shan ruwa, da fatan an yi sallah lafiya. Yaya ƙafar taka?

Ka tambayi maganin. Allura ce duk ranar Laraba. Abin da ke tayar mini da ciwon shi ake sa mini kaɗan kaɗan, ana ƙarawa, har jiki ya saba ya daina faɗa da shi. Bayan an yi sai in zauna rabin awa a benci suna lura da numfashina. Maigidana Gwadabe ya sa ni gaba da tsiya, wai ya zuba ido ya ga ranar da zan fara kama masa ɓeraye a rumbu.

Likita ya ce in yi haƙuri, abu ne mai ɗaukar shekaru. Ni kuwa da gaggawata, ranar sallah na shiga ɗakin. Ko gaisuwa ban gama ba na fito ina tari, a gaban baƙi. Inna ta ci gaba da kaɗa audugarta. Na lura, Hammawa, tsufa ya zo mata. Tsorona kada ta tafi tana zaton gudunta nake yi.

Taka,
Safara'u

Karaye
20 ga Agusta, 1995

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Damina ta yi kyau, dawar Beli ta fi ni tsayi.

Jiya na je gida da izinin likita, abin shaƙata a jaka. Bayan azahar na yi sallama na shiga, na zauna a ƙasa kusa da randa. Kyanwar tana kwance a kan shimfiɗar da ke gefen gadon Inna. Ƙirjina ya ɗan yi nauyi, na shaƙi magani sau ɗaya, ya saki. Na zauna ina jira, tarin bai zo ba, har aka kira la'asar.

Inna ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da ta idar da sallah sai ta juya wajen kyanwar, ta ce mata ta tashi daga kan shimfiɗar nan haka, mai wurin ta dawo.

Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin ta yi magana a kaina ina zaune ba. Na koma kan shimfiɗar, na ja mayafi na rufe fuskata, na yi kukana a hankali don kada ta ji kunya.

Allurar tana nan, Laraba zan koma. Ka gaida mutanen gidanku, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Safara'u