Abin da na hango a ɗaya gefen tafki

Ya sanyin idona, hasken safiyata, raɓar da ta sauka a busasshiyar zuciyata! Har yau bakina bai iya kiran ka da wani suna ba, ko da yake ka daina cancantar waɗannan.

Ka tuna sanyin bara, da ka same ni ina rufe kantin maganinmu, ka ce in zo ka nuna mini tafki? Washegari da sassafe muka tsaya cikin ciyawar bakin ruwa, haƙorana na kaɗawa, ka yafa mini rigar sanyinka. Ka koya mini bambanta tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, ka ce in bar kallon launi, in kalli yadda shaho ke riƙe fikafikansa. Da gaggafa ta keto sama, agwagin ruwa suka tashi fuu, ni kuwa fuskarka nake kallo. A nan ka ba ni madubin hangen nesanka, ka ce kafin sanyi ya dawo magabatanka za su zo gidanmu.

Sanyi ya dawo, masoyi. Baba har ya gaji ya daina tambayar zuwansu. Gwaggo kullum sai ta ce, "Wai Mai Agwagin nan naki, shi ma kwanci yake yi?" Sai in yi dariyar dole, in bar mata wurin.

Shekaranjiya kewarka ta kai ni tafkin ni kaɗai. Shirwa nake bi da madubin, ta sauko ɗaya gefen, sai ga ka! Kai ne, da tsayuwar nan taka, da wata a gefenka sanye da rigar sanyin nan taka mai yagaggen aljihu. Kana nuna mata sama, tana kallon fuskarka. Wayyo ni! Ashe karatun da na ɗauka nawa ne, darasi ne da kake maimaita wa kowa? Shaho ma idan ya suri ɗan agwagwa, a fili yake yi, ba ya fara rarrashinsa.

Ban yi kuka a can ba. Na tsaya har kuka tafi, don in tabbata.

Abu ɗaya nake roƙo: ka zo ka faɗa wa Baba da bakinka cewa ka fasa. Kada ka bar ni in ƙirƙiro maka uzuri, na gaji da yi maka ƙarya.

Na so in rufe da cewa na tsane ka. Na gwada, hannuna ya ƙi.

Taka har abada, ba don ka cancanta ba,
wadda ta kasa dainawa.