Tafasar Bakin Dogo

Talata, 4 ga Yuli, 2000
Kwana tara ke nan Gwaggo ba ta ci abin kirki ba. Tun da na ɗauko ta daga Jangeru zuwa nan Kaura sai kunu kurɓa biyu, ta kau da kai. Likita ya ce ba ciwo, tsufa ne, a lallaɓa ta ta ci. Ita ta raine ni bayan rasuwar Baba, yau ga shi na kasa sa mata loma ɗaya a baki. Ina tsoro.

Alhamis, 6 ga Yuli
Yau ta yi magana. Idonta a rufe, kamar mai ba da labarin mafarki, ta ce tana ganin fadamar Jangeru ta yi kore shar, tafasa har gwiwa. "Ɗiyata, kwaɗon tahwasa nika so."

Tafasa! Ga nama, ga ƙwai a gidan. Ba a kawo ɗanya kasuwa ba tukuna, busasshiyar bara kuwa ta ce ba ta so.

Jumma'a, 7 ga Yuli
Ashe tafasar tana nan jingim a bakin dogo, bayan tashar jirgi. Na bari sai da rana ta faɗi na ja mayafi na tafi. Malamar aji shida guda, a gan ni duƙe ina tsinkar abincin yunwa? Ai da Litinin har ofishin hedimasta sai an yi da ni.

Wurin shiru, ƙarfen dogo da sauran ɗumi. Ganyen duk ya haɗe bibbiyu kamar tafin mai addu'a. Na daɗe tsaye, na ma manta abin da ya kawo ni.

Na dafa, na matse, na sa ƙuli da albasa. Ta sa hannu a ragowar ɗanyen da ke cikin faifai, ta shafa, ta ture kwanon. Wai na tsinko tafasar tana barci.

Lahadi, 9 ga Yuli
Na sake, ta sake turewa. Na shiga ɗaki na yi kuka, na haushi ne ba na tausayi ba.

Litinin, 10 ga Yuli
Na ba Malama Rekiya labari a makaranta, ban dai ce ni na tsinko ba. Ta ce camfi ne, yanzu da Shari'a ta zo ai sai a bar irin wannan. Na ce haka ne. Amma a aji ina rubutu a allo, hankalina na bakin dogo. Wai ganye da barci.

Awarwaron Gwaggo yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Laraba, 12 ga Yuli
An wuni ana yayyafi. Ina shafa wa Gwaggo man zafi a ƙafa ta fara ba ni labari, ba tare da na tambaya ba. Shekarar babbar yunwa, kafin in yi wayo. Mijinta limami ne, rumbu ya ƙare, matan gari na fita da hantsi su cika kwanduna da tafasa. Ita kuwa matar liman, sai duhu ya fara take saɗaɗawa, ta laluba abin da suka rage. Ɗan tafi guda. Tana da yaro, Abbati, shekara uku.

Ban taɓa jin sunan nan ba sai yau.

"Ba tahwasa ta kashe shi ba, kunyata ta. Da na hita da rana da ya ƙoshi." Can ta ce, "Ke kuma wa kike ɓoyo ma?"

Na ci gaba da shafa ƙafar da na riga na gama shafawa.

Asabar, 15 ga Yuli
Da hantsi na fita, da kwando a kai. Ganyen a buɗe, raɓa ba ta gama bushewa ba, ƙananan malam-buɗe-littafi farare suna tashi duk inda na taka. Mata uku na tarar, biyu iyayen 'yan ajina. Ɗaya ta ce, "Malama, ke ma?" Na ce ni ma. Ta nuna mini in riƙa cire kan kawai, na ƙasa ya tsufa. Shi ke nan fa, ba wadda ta ƙara kallona.

Gwaggo ta shafa ganyen, ta jawo kwanon. Loma bakwai, ina ƙirgawa a zuci. Ta sha ruwa, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ragowar ni na cinye, don kada a zubar ne kawai. Gobe ma da hantsi. Na ce wa matan su biyo ta ƙofar gidana su yi mini sallama.