Ɗanyun Tukwanen Inna Sadatu

Argungu,
14 ga Satumba, 1987.

Zuwa ga ƙanena Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ma'u da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kyau.

Ba gaisuwa kaɗai tas sa ni rubutu ba. Jiya Malami direba ya shigo gaida Inna, yak kawo labarin da yah hana ta cin abinci. Yac ce ya kai kaya makarantar da kake koyarwa, yat tarar da taro a fili, ɗalibai da malamai, kai kana tsakiya. Wai ka ɗora doguwar gora bisa gwafa, ka rataya tulu cike da ruwa a kowane ƙarshe, ka huda su ruwa na ɗiga. Wasu na ihun na dama za shi faɗuwa, wasu na hagu. Can gora tak karkata, tulu guda yas sulɓe yat tarwatse, anka yi ta tafi. Yac ce tulu shida kaf fasa kafin shi bar wurin.

Shi da dariya yab ba da labarin, bai san inda za shi sauka ba. Inna taj jira sai da yaf fita. Sannan tac ce, "Shekara arba'in ina ginin tulu. Da shi nir rene shi har yat tahi Zariya karatu. Ashe abin da yak koyo ke nan."

Atiku, ka san tun bara da hannunta na dama yas shanye ba ta sake kai tukunya wuta ba. Rabonka da gida tun ƙaramar salla. Wanga labari shi ne na farko da taj ji naka cikin wata huɗu. Ka gaya min gaskiya ne ko ƙari anka yi.

Ka gaida Ma'u. Allah shi tsare.

Yayarka,
Riskuwa

Birnin Kebbi,
22 ga Satumba, 1987.

Yaya Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ina gaida ke da maigidanki Malam Hammadu da 'yarku Kulsumi, ina kuma gaida Inna da girmamawa.

Gaskiya ne, sai dai huɗu ne ba shida ba, kuma duka masu tsaga ne da aka ajiye a bayan kasuwa. Na san wannan ba zai rage wa Inna zafi ba.

Bari in gwada yi miki bayani, ko da yake shugaban makarantarmu ma har yau bai gane ba. Aikina koyar da zane da sassaƙa. A Zariya an koya mana yin abu mu gama shi, a kafa shi a wuri ya tsaya cik, mutane su zagaya su kalla. Na yi shekaru ina yi, zuciyata ba ta ciki. Yanzu abin da nake yi shi ne in shirya kaya, gora da igiya da ruwa da yashi, in kai su inda nauyi ya yi daidai, sai in cire hannuna. Daga nan ban fi ɗan kallo sanin abin da zai faru ba. Rami ɗaya ya fi ɗaya faɗi da ƙwayar gero, ko iska ta ɗan busa, shi ke nan. Ɗalibai suna dariya, ni ma ina yi. Amma ki lura, kafin gorar ta karkata kowa yakan yi tsit.

A wurin Inna na fara ganin wannan. Kin tuna ranar gashi? Ta jera tukwane hamsin, ta rufe da kara da ciyawa, ta cinna wuta, sai ta koma gefe ta zauna ta naɗe hannu. Aikin wata guda yana cikin wuta, ba ta da ikon ceton ko ɗaya. Ina yaro ina kallon fuskarta a lokacin, ban taɓa mantawa ba.

Maganar rashin zuwana ba ni da hujja. Ranar salla na ga kina ba ta fura a baki, na kasa kallon hannun. Tsoro ne kawai.

Ki roƙa mini gafararta.

Ƙanenki,
Atiku

Argungu,
3 ga Oktoba, 1987.

Atiku,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya.

Na karanta ma Inna takardarka, ban da wurin tsoro. Tac ce, "Huɗu ko shida, wata ce tad duƙa tag gina su." Da niz zo maganar ranar gashi, sai tac ce in tashi in duba tuwo.

Kac ce ka kasa kallon hannun. Ni kullum nike wanke shi, in shafa mishi man shanu, in miƙe yatsun guda guda. Ba wanda yat tambaye ni ko ina iyawa.

Tunda kana son gaskiya, ga wata. Inna ba ta bar gini ba. Kowace safiya in na tahi ɗibar ruwa, sai ta ja jiki zuwa bayan rumbu inda yumɓunta yake, ta gina tukunya da hannun hagu. Rannan na dawo da wuri nil laɓe. Tukunyar ta fito a karkace, ciki ya tattaru gefe guda, baki kamar an ja shi. Tad daɗe tana kallon ta. Sai tas sa tafin hannu tad danne ta, tam maida cikin kwatarniya, tar rufe da tsumma. Nig gane haka takan yi kullum. Ba ta san na gani ba.

Ka ga dalilin da yas sa labarin Malami yas soke ta. Kai kana fasawa ana tafi, ita tana fasawa ita kaɗai.

Allah shi ba mu haƙuri.

Riskuwa

Birnin Kebbi,
11 ga Oktoba, 1987.

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki sau uku. Kin yi gaskiya a kaina, kuma na gode da abin da kike ɗauke da shi.

Ina da roƙo, in kin ga bai dace ba ki yaga takardar. Ki gaya wa Inna ina bukatar tukwane goma sha biyu daga hannunta, ɗanyu, waɗanda ba su ga wuta ba. Kada ta gyara su, yadda suka fito haka nake so. Ina son in ɗora su a kan gulbi in sake su. Ɗanyar tukunya takan yi iyo na ɗan lokaci kafin ruwa ya ci gindinta. Wacce za ta fara nutsewa, wacce za ta yi nisa, babu mai iya faɗa. Na gwada a nan da na kasuwa, amma duk kusan kamarsu ɗaya, tare suke tafiya tare suke nutsewa. Karkatacciya kuwa kowacce da tafiyarta.

Ba tausayi ya sa na roƙa ba, ki tabbatar mata. Aikin ne ba zai yiwu ba sai da irin nata.

In ta yarda, zan zo ranar Asabar, 21 ga Nuwamba, lokacin ruwa ya fara ja amma yana gudu. Sai Malam Hammadu ya taimaka mana da jirginsa.

Ina gaida kowa.

Atiku

Argungu,
29 ga Oktoba, 1987.

Ƙanena,

Bayan sallama da gaisuwa. Na kwana biyu ina juya maganarka kafin in faɗa mata, don faɗin yana nufin ta san na ga sirrinta. Ta sani yanzu.

Washegari ina shafa mata mai, sai tac ce, "Ɗanya bisa ruwa? Yaron ga bai san yumɓu ba. Tashi ɗaya za ta narke." Nic ce ai haka kake so. Tac ce, "Tashi tukunyar ce za ta narke. Tawa sai ta wuce mashaya." Tas sa nik kira baban Kulsumi, tag gaya mishi ramin da za shi ɗebo mata yumɓu, ba na kusa ba, na can gefen hanyar Gulma.

Yanzu a tsakar gida take gini, ba a bayan rumbu ba. Ni ke juya mata kaskon da ake ɗora ginin bisa, ita tana ɗagawa da hagu. Tana faɗa da ni kamar da. Ta gama tara. In sun sha iska takan goge su da dutsen nan nata mai santsi har su yi ƙyalli, kuma ta sa an jiƙa mata makuba, ɓawon ɗorawa, tana shafa ma gindinsu don ruwa shi daɗe bai shiga ba. Nic ce wannan ai zamba ce. Tac ce, "Ya ce kada ta ga wuta. Ya ce kada ta ga makuba?"

Tana cin abinci. Kullum sai ta tambaye ni kwana nawa ya rage. Kada ka saɓa.

Riskuwa

Birnin Kebbi,
15 ga Nuwamba, 1987.

Yaya Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina rubutu da kunya. An zaɓi aikin gorar nan nawa cikin waɗanda za a nuna a Sakkwato, kuma za a buɗe ranar 21 ga wata, ranar da na ce zan zo. Masu kallo za su zo daga Kaduna da Ikko. Shekara bakwai ina jiran a kira abin da nake yi aiki, ba wasan yara ba. Irin wannan aiki kuwa ba a aika shi, sai mai shi ya tsaya ya sake shi da hannunsa.

Mako uku kawai nake roƙo. Ki ajiye tukwanen a inuwa, ba abin da zai same su. Ki lallashi Inna, kin fi ni sanin yadda ake yi.

Atiku

Argungu,
26 ga Nuwamba, 1987.

Atiku,

Sallama. Ban lallashe ta ba. Na karanta mata takardarka yadda take. Tac ce, "Shi yana da mako ukku. Ni ban san ko ina da su ba. Asabar anka ce, Asabar za a yi."

Da hantsi munka jera tukwanen cikin jirgin baban Kulsumi bisa ciyawa, munka shimfiɗa ma Inna tabarma a tsakiya. Mata masu wanki sunka bar wanki, masunta sunka bar gyaran taru. Tsoho Usmanu yac ce, "Sadatu, wagga ba ɓarna ba ce?" Tac ce, "Ƙasar gulbi ce, Usmanu. Aro niy yi, na maido."

Da munka kai tsakiyar ruwa, na riƙe ƙugunta, tad duƙa tad ɗora ta farko da hannun hagu. Ko juyawa ba ta yi ba, tac cika tan nutse nan gaban hannunta. Bakin gulbi yay yi tsit. Sai nij ji jikinta na rawa a hannuna, na zaci kuka ne. Dariya take yi, da rabin bakin nan nata, hawaye na zuba. Rabona da jin dariyar Inna tun kafin ciwon.

Tas saki sauran ɗaya bayan ɗaya. Mutane sunka fara bin gaɓa da gudu, kowa ya zaɓi tashi. Usmanu da kanshi nij ji shina ihun, "Mai karkataccen baki, riƙe!" Biyu sunka yi karo sunka nutse tare. Guda tam maƙale cikin ciyawa, munka tsaya muna kallo tana narkewa a hankali har ruwan wurin yay yi ja. Wadda Inna taf fi ji da ita, wadda tas shafa ma makuba sau ukku, ita ce ta biyar a nutsewa. Ta ƙarshe da tag gina, mai ƙaton ciki gefe guda, makuba ta ƙare kafin a kai gare ta. Ita ce tay yi ta juyawa kamar mai rawa har tas samu tsakiyar igiyar ruwa. Munka bi ta, tana gaba muna baya, har tas sha kwanar da ke ƙasan mashaya. Nan Inna tac ce sanyi take ji, a koma.

Tun ranar zazzaɓi yar rufe ta, ya sauka a ƙirji. Mun kai ta asibiti an yi allura, an sallamo mu. Kunu cokali ukku take sha. Ba na rubuto don in ɗora maka laifi ba, da kana nan ma da ta shiga jirgin. Yau da safe tas sa niz zauna in rubuta maka maganarta yadda taf faɗe ta. Ga ta nan haɗe.

Riskuwa

Auta,

Ina gaishe ka. An ce ka tahi Sakkwato. Allah shi sa an gani.

Sha ɗaya sun nutse gaban idona. Guda ta yi ƙasa, kuma ruwan ga ta wajenku shika bi. In ka gan ta, kada ka taɓa ta.

Wadda ban shafa ma komi ba ita tat tsira. Kwana biyar ina kwance ina tunani, ban gano dalili ba. Ina son in sake gwadawa, amma Riskuwa ba ta iya juya kasko ba, sauri gare ta.

Na sa ta kwaɓa yumɓu ta rufe da tsumma. Yakan yi kwana huɗu bai bushe ba.

Allah shi yi maka albarka.

Innarka,
Sadatu