Rigar da Aka Miƙa wa Sarkin Yaƙi

Zuwa ga Kafinta, Sarkin Yaƙin dandali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da sauran yaran shago waɗanda ba ka kora ba tukuna. Yaya barci? Na tambaya ne don an ce ya yi maka yaji.

Ni ne Babban Alƙalin Alƙalan Wasan Kwaikwayo na duniya baki ɗaya. Na daɗe ina ɓad da kama ina zama cikin masu kallonku. A fitowarka ta mugun da ya kashe ƙanensa saboda kujera, ba ka da na biyu. In ka zare ido, har makaɗi sai ya ɓata kiɗa. Ba abin mamaki ba ne, halinka ne aka ɗinka wa rigar sarauta. Amma a ƙarshen wasa, inda ake miƙo maka rigar mamacin don ka yi nadama, nan kake ba mu kunya. Ofishina ya san da albasar da kake ɓoyewa a hannun riga.

Ranar Asabar kuwa albasa ta huta. Da aka kwance ƙunshin, maimakon jar rigar da Tela ya ɗinka, sai ga tsohuwar rigar aiki, duk garin katako da busasshen gam, aljihunta a yage. Ka san wanda ya yaga shi. Kai ne, ranar da ka cukumi ƙanenka ka fitar da shi daga shagon da kuka gada, a gaban ɗansa, don kawai ya hana ka yi wa mutane gado da katakon da gara ta ci. Ka kai rigar hanci. Duk abin da ka haddace ya gudu. Ka durƙusa kana kiran Auta, Auta, sunan da babu shi a wasan, jama'a kuwa suna ta tafi wai ba su taɓa ganin gwani irinka ba.

Tun ranar labari ke iso mini. An ce ka jefar da bulalar bayan ƙofa. An ce ka kama katako ɗaya kana ta gogewa har ya kusa zama takarda. An ce mai sayayya ya yaba wani tebur, kai da bakinka ka nuna masa inda ka toshe ramin gara. Kai! Mutumin da ko ƙuda ya sauka a kwanonsa sai ya lashe ƙafarsa kafin ya sake shi.

Sai ka aika wa ƙanen naka magani da ƙaton bargo ta hannun yaro. Baba ya karɓa, ya sa albarka, ya ci gaba da kallon ƙofa. Tarin nan ya ƙarar da shi, Baffa. Ba bargo yake jira ba.

To, na ce Baba, na ce Baffa, asiri ya tonu. Babu wani alƙali. Ni ne Ƙusa, mai ja muku labule, wanda bokonsa a jikin allunan shaguna ya tsince shi. Ni na musanya rigar, a akwatin Baba na ɗauko ta. Ka daina rantsuwar sai an kori Tela, bawan Allah bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Kada ka jira ban haƙuri, babu shi. Da zan samu wata rigar, gobe ma sai na ƙara. Malaminmu ya biya mana labarin wanda ya yi nadama bayan ɗan'uwansa ya riga ya zama gawa, har sai da hankaka ya koya masa tonon rami. Kai naka yana numfashi, kana ta kuka a gaban baƙi suna yi maka tafi.

Na ji ka ce duk wanda ya yi maka wannan sai ka karya masa ƙafa. Bismillah. Ba gudu zan yi ba. Ina ɗakin Baba, a gefen gadonsa, kuma ba zan motsa daga nan ba. In kana son ƙafar, sai ka shigo ka ɗauka.

Ka gaida Inna. Wassalam.

Ɗanka, ko ka so ko ka ƙi,
Ƙusa