Mangwaron Bayan Gida da Jijiyar Ƙirjina

Malam, gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. To da ranka ma, yaushe ka taɓa gane rubutuna na ajin yaƙi da jahilci?

Ga kacici-kacici, ka canka: wace 'ya ce aka tura aiki gidan maƙwabta ba a raba ta da uwarta ba, kuma har yau ba ta gaji ba?

Kana tunani, ga labari. Bayan girbi ciwon ƙirjin nan ya dawo mini, daidai lokacin da aka sa ranar auren jikarmu Ladi, amaryar taka. Ta samu wanda ya fi ka haƙora. Na ce shi ke nan, bikin nan ba da ni ba. Ɗanmu Audu ya sake kai ni Ingila, inda aka yi mini aikin zuciya shekarun baya.

Ka tuna? Hanyoyin jini suka toshe, likita ya yi musu ratse biyu. Ɗaya da jijiyar da ya yanko a ƙafata, ɗaya da ta ƙirji, wadda ya karkato bai tsinke ta daga tushe ba. Da Audu ya yi maka bayani, ka ce ai auren mangwaro ne irin naku na ma'aikatan gandun dajin Kamuku. Ka aura ɗaya a bayan gida, wai muddin yana ganye ina raye. Akuya ta doshe shi, ka bi ta a guje har hula ta faɗi!

To an duba. Ta ƙafa ta toshe, dama ka sha cewa ƙafata ta cika yawo. Ta ƙirji kuwa tana nan garau. Magani kawai aka ba ni.

Abin da ban taɓa gaya maka ba: duk sanda na kishingiɗa da rana ka lallaɓo ka kasa kunne a ƙirjina, idona biyu. Daɗi nake ji, shi ya sa na yi shiru. Kai mai gadina, me ya sa ka riga ni tafiya?

Mangwaronka ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. Ladi za ta tafi da kwando guda, ni kuma zan yi rawa, ko ka so ko ka ƙi.

Allah Ya jiƙanka. Ka ƙara haƙuri, ban shirya ba tukuna.

Taka mai tsokana,
Kakar Ladi, Birnin Gwari

Af, amsar: jijiyar ƙirjina ce.